Yadda muka yi fama da idon ɗana bayan ƙwallo ta buge shi

Na daɗe ina son rubuta wannan saboda iyayen da yaransu ke buga ƙwallo, wato kusan dukanmu ke nan. Ɗana shekararsa 10, gola yake tsayawa, shi ya zaɓar wa kansa hakan ba wanda ya sa shi. Wata rana a wurin atisaye wani yaro da ya ɗan girme shi ya sheƙo ƙwallo daga kusa-kusa, ko hannu bai samu damar ɗagawa ba ta sauka a idonsa na hagu. Kocinsu ne ya kira ni a waya, yana cewa ranka ya daɗe kada hankalinka ya tashi, ya ɗan yi kuka ne kawai kuma har ya yi shiru, amma dai ka zo ka gan shi.

Da na isa na tarar da shi a zaune gefen fili ya dafe idon da hannu. Fatar idon ta ɗan kumbura, ido ya yi ja, hawaye na zuba, amma ba yanka ba jini a waje, irin abin da duk wanda ya gani zai ce ai zuwa safe zai washe. Shi kansa yaron cewa yake Abba ba ya min ciwo sosai fa, har yana tambaya ko zai iya komawa raga. Na ce ya rufe idon dama da tafin hannu ya faɗa min yatsu nawa na ɗaga, sai ya yi jim, ya ce Abba hazo nake gani, kuma hazon ja-ja ne. Nan gabana ya faɗi. Na kunna fitilar waya na haska idon ta gefe, ba ta gaba ba, sai ga wani abu ja mai duhu ya kwanta a ƙasan baƙin idon, daga ciki, samansa a miƙe ɗoɗar kamar ruwan da ya natsu a gindin kofin gilashi. Jini ne, a cikin idon.

Allah ya taimake mu akwai mahaifiyar wani yaro a wurin, ma'aikaciyar jinya ce, ita ta karɓi ragamar abin. Mutane sun taru kowa na ba da tasa shawarar, wannan ya ce a wanke da ruwa, wancan ya ce a danna ƙanƙara, wani har ya ce yana da ragowar maganin ɗigawa a mota. Ta ce ko ɗaya ba za a yi ba. Kada a murza, kada a danna, kada a ɗiga komai, domin ba wanda ya san ko ƙwayar idon ta fashe a wani wurin da ba a gani, in kuwa ta fashe dannawa kaɗan ta isa ta fito da abin da ke ciki. Ta samo kofin takarda ta yanke gindinsa ta kifa a kan idon yadda bakin kofin ya zauna a kan ƙashin gira da ƙashin kumatu, bai taɓa idon ba sam, ta manna da filasta. Ta ce min Abban yara, a mota ka zaunar da shi a miƙe kada ya kwanta, kada ka ba shi komai ya ci ko ya sha ko da za a buƙaci tiyata, kuma ku nufi inda akwai likitan ido, yau ɗin nan ba gobe ba.

A asibiti abu na farko da suka yi shi ne gwada ganinsa da allon haruffan nan, ido ɗaya bayan ɗaya. Na dama ya karanta har ƙasa, na hagu kuwa manyan na sama kawai, su ma da ƙyar. Sai likitar ta sa shi ya bi yatsanta da ido, sama, ƙasa, hagu, dama, tana tambayarsa ko yana ganin abu biyu-biyu, ko ya yi amai, ko yana jin tashin zuciya, ko kumatunsa ya yi kamar ya mutu. Na tambaye ta me ya haɗa amai da ido, ta ce ƙashin da ke ƙasan kwarmin ido siriri ne ƙwarai, bugu yana iya fasa shi, kuma a yara ƙashin bai gama tauri ba, sai ya buɗe ya sake rufewa ya maƙale naman da ke juya idon. Irin wannan yaron za ka ga idonsa fari tas ba ja ba kumburi, amma ba ya iya kallon sama, yana ta amai, sai a ɗauka bugun kai ne kawai alhali aikin gaggawa yake buƙata. Nawa dai idon na juyawa ko'ina, muka tsallake wannan.

Daga nan ta ɗiga masa maganin kashe zafi, ta taɓa idon da wata 'yar takarda mai launin ruwan ɗorawa, ta kunna shuɗiyar fitila, wai in akwai ƙarzuwa a gilashin gaban idon zai fito kore shar. Akwai 'yar kaɗan a gefe, ta ce wannan ba ita ce damuwarta ba, kan kwana ɗaya biyu take warkewa. Ta zaunar da shi a gaban na'urar nan da ake ɗora haɓa a manna goshi, ta daɗe tana dubawa ba ta ce komai ba, ni kuwa ina tsaye a bayansa ina ta addu'a a zuci. Sannan ta ɗago ta ce idon bai fashe ba. Wallahi sai a lokacin na ji na yi numfashi.

Sunan abin haifima. Yadda ta yi min bayani, tsakanin gilashin gaban ido da ɓangaren nan mai launi akwai wani ɗan sarari cike da ruwa garai-garai, to bugun ya matse idon ya tsinka ƙananan jijiyoyin jini da ke gindin mai launin, jinin ya zuba cikin wannan sararin. Nasa bai kai kashi ɗaya cikin uku na wurin ba, wanda shi ne mataki mafi sauƙi. Na ce mata likita, ni abin da ya ɗaure min kai, ƙwallon ƙafa ai ta fi ramin ido girma nesa ba kusa ba, ta yaya ta kai ga idon, ba ƙashi ne ya kamata ya tare ta ba? Ta ce haka yawancin mutane ke zato, amma ƙwallo in ta zo da ƙarfi lotsewa take yi, wani sashenta ya kutsa cikin kwarmin ya daki idon kafin ta dawo. Ƙananan ƙwallaye irin na sukwash da abin buga badminton su kam kai tsaye suke shiga.

Sai ta yi min tambayar da ban taɓa tsammani ba a ɗakin likitan ido. Ta ce mene ne jinotaif ɗinsa? Na ce AS ne, amma ai lafiyarsa ƙalau, bai taɓa ciwon sikila ba, AS ai ba cuta ba ce. Ta ajiye biro ta ce Malam, a yawancin lokaci maganarka gaskiya ce, amma ban da cikin idon da jini ya zuba. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa na zauna rubutun nan, don ni duk tsawon rayuwata ba wanda ya taɓa faɗa min haka.

Ga yadda abin yake. Ruwan da ke cikin ido kullum ana yin sabo, tsohon yana fita ta wata 'yar matata da ke zagaye da gindin mai launin. Jinin da ya zuba shi ma ta nan zai bi ya fita. Ƙwayoyin jinin mai AA masu laushi ne, suna lanƙwasawa su wuce. Amma cikin wannan sararin iskar oksijin ta yi ƙaranci, to ƙwayoyin jinin mai AS, ba mai SS kaɗai ba, sai su lauje su yi tauri su toshe matatar. In ta toshe ruwa ya rasa hanya, firesha ɗin ido ya hau, kuma jijiyar ganin masu sikila ko AS ba ta jure hawan firesha kamar ta sauran mutane, tana iya lalacewa a matakin da wani zai jure ba komai. Jijiyar gani kuwa in ta mutu ba ta dawowa. Firesha ɗin ido na lafiya yana tsakanin 10 da 21 ne. Ta ce a wurin irin ɗana in ya wuce 24 ya yi awa 24 bai sauka ba duk da magani, to za su fara maganar shiga tiyata a wanke jinin. Har maganin da aka saba ba mutane don sauke firesha, Diamox, ta ce shi ba za ta ba shi ba, domin yana ƙara sa ƙwayoyin jinin su lauje. Ka ga ke nan da a ce ba ta tambaya ba, ko ni ban sani ba, ana iya ba shi maganin da zai ƙara dagula lamarin da kyakkyawar niyya. Duk da na faɗa mata sai da ta sa aka sake ɗibar jininsa aka tabbatar.

A ranar firesha ɗinsa yana daidai, don haka ta bar mu mu tafi gida da sharuɗɗa, ta kuma ce in ta ga ba za mu iya kiyayewa ba gado za ta ba shi. Murfin roba mai ƙananan huji a kan idon dare da rana, ba auduga a ƙarƙashi. Kwanciya da kai a ɗage, filo biyu uku, kamar digiri 30 zuwa 45, don jinin ya kwanta a ƙasa ya bar tsakiyar idon. Ba gudu, ba tsalle, ba kokawa da ƙanne, ba sunkuyawa ko da ɗaura igiyar takalmi ne, ba makaranta. In ciwo ya dame shi farasitamol kawai, ta maimaita min wannan har sai da na faɗa da bakina, ban da asfirin ban da ibufurofin da danginsu, domin suna hana jini daskarewa. Magungunan ɗigawa biyu, ɗaya sitiroyid na rage kumburin ciki wanda sai an girgiza kwalbar sosai kafin a ɗiga, ɗaya kuma atirofin mai buɗe ɗan baƙin tsakiyar ido ya tsayar da shi cak don wurin da ya tsage ya samu hutu. Sannan kullum mu dawo a auna firesha. Kullum, ba fashi.

Dalilin wannan tsananin shi ne abin da ta kira zubar jini ta biyu. Gudan jinin da ya toshe jijiyar da ta tsinke yakan fara narkewa tsakanin kwana 2 zuwa 5 bayan bugun, in ya saki kafin wurin ya warke jini ya sake zuba, kuma na biyun ya fi na farko yawa da haɗari. Abin tsoron shi ne daidai lokacin ne yaro ke jin ya warke, kumburi ya saɓe, ciwo ya tafi, iyaye sun saki jiki.

Gaskiya wannan zaman shi ne ya fi komai wuya. Ka ce wa yaron da ba ya iya minti biyar a wuri ɗaya ya zauna a jingine yini guda, ba gem a waya, ba doguwar karatu saboda ido na yawan motsi, ga atirofin ya sa haske na damunsa kuma abin da ke kusa ya zama dishi-dishi. Ni da mamansa muka raba aiki, ita da rana ni da dare, domin cikin barci yakan zame daga kan filon ko ya kai hannu zai cire murfin, sai in tashi in gyara shi. Rediyo ya taimaka mana sosai, ya kwanta yana sauraron sharhin wasa ido a rufe. Ɗiga maganin ma sai da muka koya, ka ja fatar ƙasa a hankali ba tare da ka danna ƙwayar ba, ɗigo ɗaya, ya rufe ido, ka jira kamar minti 5 kafin na biyun don kada ɗaya ya wanke ɗaya. Ƙaramar ƙanwarsa kuwa sai da muka riƙa tsare ta, ita a ganinta wasa ne ta zo ta faɗa jikin yayanta.

Ana cikin haka wata safiya ya tashi yana cewa Umma kaina na ciwo ta gefen idon, kuma ya ƙi kallon taga. Ba mu jira lokacin da aka ba mu ba muka tafi. Jini bai sake zuba ba, alhamdulillahi, amma firesha ya hau zuwa 26. Likitar ta tambaya ko yana da asma, muka ce a'a, sannan ta ƙara masa timolol, ta ce tambayar dole ce domin maganin na iya tayar wa mai asma da ciwonsa. Ta ce mu dawo da yamma a sake aunawa, gobe da sassafe ma haka, in bai sauka ba mu zo da shirin kwana. Daren nan ban runtsa ba. Ina zaune ina kallonsa ina tunanin yaro ɗan shekara 10 a ɗakin tiyata saboda wasan da ake yi a kowane lungu. Da safe aka auna ya sauko ƙasa da 21, kuma daga nan bai sake hawa ba.

A hankali layin jan nan ya riƙa ja da baya har ya ɓace, ganinsa ya riƙa dawowa layi bayan layi a allon. Na ɗauka shi ke nan an gama, ashe da saura. Da idon ya washe ta duba can bayansa, labulen da hoto ke sauka a kai wanda suke kira ratina, domin bugun da ya isa ya zubar da jini a gaba yana iya yaga labulen a baya, kuma yagewar ba ta ciwo. Ta ga wani ɗan wuri da ya yi fari-fari saboda girgizar bugun, ta ce irinsa yakan washe da kansa, kuma ya washe ɗin. Ta koya wa yaron da kansa alamomin da zai faɗa nan take ko da tsakar dare ne, walƙiya a gefen ido, baƙaƙen ɗige-ɗige masu yawo da suka bayyana farat ɗaya, ko duhu da ke rufowa daga gefe guda. Na ji daɗin yadda ta yi magana da shi kai tsaye, tana ce masa ɗana kai ne mai idon, kai za ka fara sani kafin Abbanka.

Bayan kamar wata guda ta ɗora masa wani ɗan gilashi mai madubi a kan idon ta duba matatar nan da kyau, wanda ba a yi tun farko saboda yana danna ido. Ta samu wani sashe ya ɗan tsage. Ma'anarsa ita ce yana cikin waɗanda hawan jinin ido, gilakoma, ke iya kamawa nan gaba, ba lallai ba ne, yawancinsu ba ya kama su, amma yana iya zuwa bayan shekara 10 ko 20 ba tare da wani ciwo ba, lokacin da kowa ya manta da wata ƙwallo. Yanar ido ma na iya biyo bayan irin wannan bugun. Saboda haka awon firesha sau ɗaya duk shekara har iya rayuwarsa, kuma duk likitan idon da zai gani ya faɗa masa an taɓa bugun idon hagu. Na rubuta wannan na ajiye tare da takardun haihuwarsa.

Mamansa ta ce ita kam an gama ƙwallo a gidan nan. Na fahimce ta sarai, ita ta ga abin da ta gani. Amma ban goyi bayan hakan ba, likitar ma ba ta goya ba, kuma dalilina shi ne wanda na gani da idona a filin ranar, yaro na ganin ja-ja amma yana cewa ba komai don kada a hana shi wasa. In yara suka gane cewa faɗin gaskiya na nufin rabuwa da ƙwallo, ɓoyewa za su yi, kuma ɓoyayyen bugun ido shi ne mai makantarwa. Ga waɗanda ba su kai shekara 7 ko 8 ba ma abin ya fi tsanani, domin in ido ɗaya ya daɗe ba ya gani sosai ƙwaƙwalwa sai ta yi watsi da shi, ko an gyara daga baya ganin ba ya cika dawowa. Yaron da ya buga ƙwallon ma iyayensa sun kawo shi yana ta kuka, na rungume shi na ce ba laifinka ba ne ɗana, wasa kuke yi.

Abin da muka tsayar shi ne tabarau na wasa. Ba tabarau na karatu ba, ba na rana ba, waɗannan in ƙwallo ta same su fashewa suke yi su ƙara ɓarna. Na wasa da wata roba ake yinsa mai suna folikabonet wadda ba ta tarwatsewa, firam ɗin ya zagaye idon ya zauna a kan ƙashi, da maɗauri ta bayan kai, kuma masu inganci za ka ga an rubuta ASTM F803 a jikinsu. Yaron da ke sa gilashin ƙara gani ana iya yanka masa lambarsa a ciki. A Amurka inda ake ƙirga irin waɗannan abubuwan, kusan mutum 30,000 ne ke zuwa sashen gaggawa duk shekara da raunin ido daga wasanni, da yawansu yara, ƙwallon kwando na kan gaba saboda yatsu da gwiwar hannu, kuma ƙungiyar likitocin idonsu na cewa kusan kashi 90 cikin 100 da tabarau ɗin nan za a iya kauce musu.

Da farko ya ƙi sawa, wai abokai za su yi masa dariya. Sai na nemo masa bidiyon Edgar Davids, tsohon ɗan wasan tsakiyar Holan da Juventus, wanda daga 1999 ya riƙa buga wasa da tabarau saboda gilakoma, da Kareem Abdul-Jabbar na ƙwallon kwando da ya koma sawa bayan an sha ƙarzar masa ido. Wannan ya sauko da shi fiye da duk wa'azin da na yi. Matsalar da ta rage ita ce tururin gumi da ke rufe gilashin, sai da muka canza zuwa mai huji a gefe sannan ya daina cirewa a tsakiyar wasa.

Bai koma fili ba sai da likitar ta sa hannu. Kafin nan na zauna da kocinsu muka yi magana ta fahimta, yanzu akwai murfin ido na roba da filasta a jakarsa, kuma ya yarda duk yaron da aka buga a ido za a rufe masa mai lafiyar a gwada ganin ɗayan, in akwai hazo ko ganin biyu-biyu ko amai ko jini a ciki ko ɗan baƙin tsakiya ya canza siffa, ba komawa wasa, sai asibiti. Ya kuma roƙi iyaye kowa ya rubuta masa jinotaif ɗin ɗansa a fom. Ƙannensa ma mun kai su an gwada, ta ƙarshen ita ma AS ce.